Kabari a Hanyar Jirgi

Ƙashin farko da shebur ɗin Issoufou ya taɓa a safiyar nan na haƙarƙari ne, siriri, ya rine da launin ƙasar da ya daɗe a cikinta. Ya jingine shebur ɗin, ya durƙusa a cikin ramin, ya ci gaba da hannu. Haka ake yi a maƙabartar da yake wa aiki a gefen Madina. Fili ya yi kaɗan, masu son kwanciya a wannan ƙasa kuwa ba sa ƙarewa. Don haka idan kabari ya tsufa sai a buɗe shi, a tattara abin da ya rage na mai shi zuwa kusurwa, a gyara wa baƙo wuri. Babu suna, babu rubutu, sai baƙin dutse ɗaya a wajen kai. Issoufou ya fara wannan aiki tun furfura ba ta fito masa ba, kuma bai taɓa jin cewa yana zaluntar kowa ba.

"Ammi Issoufou!"

Inuwa ta faɗo a kansa. Muhyiddeen ne, shugaban masu haƙa, riƙe da wayar da Issoufou ya bari a aljihun rigarsa a sama. Haifaffen Madina ne. Kakansa ya taho hajji da ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba, Hausar da ya bar wa jikokinsa kuma ta cakuɗe da Larabci, shi ya sa yake ce wa Issoufou Ammi, wato baffa.

"Jawwal ɗinka zai ta da mutanen nan tun ba a busa ƙaho ba. Karɓi, don Allah."

Issoufou ya goge hannu a wando, ya karɓa. Sabiru ne, ƙaninsa, wanda ya gaje shi wajen jagorancin jiragen dako da ke tashi daga Gaya ta Nijar, suna bin kogin Kwara zuwa ƙauyukan gungu da ruwa ya kewaye. Gaisuwar ta yi gajarta, abin da Sabiru bai saba ba.

"Yaya, kogi ya tafi ya bar mu. Muna Mashigin Bagaruwa, jirage biyar, duk hatsi ne na mutanen gungu. In na kafa gora, ko kamu biyu ba ta nutsewa."

"Ku rage kaya a kwale-kwale."

"Mun rage. Kwale-kwalen nawa ne, kuma buhu nawa suke ɗauka? Mun kwashe abin da za mu iya, har yanzu cikin jirgi yana gogar dutse."

"To ku haƙa."

"Ka manta mashigin ne? Falalen dutse ne a ƙarƙashi. Shebur ba ya cin sa." Issoufou ya ji ƙarar iska da muryoyin maza can nesa. "Wuri ɗaya ne mai taushi, Yaya. Hancin yashin nan na gabas. A bayansa tsohuwar hanyar ruwa tana nan da zurfinta. In muka yanke hancin, jirage za su bi ta can su wuce."

Issoufou ya san hancin. Siririn harshen yashi ne da ya shigo cikin kogi, faɗinsa bai wuce mutum ya yi tsalle biyu ba. Mutanen kogi ba sa kai wanda ruwa ya ci cikin gari. A gaɓar da ta fi kusa da inda aka tsamo shi ake rufe shi, kuma ba mai taɓa kabarin, ko da matsar da dutsen kansa ne, sai da bakin uban mamacin. A shekarar da kogi ya yi babbar cika, a wannan mashigi ruwa ya ci Abdallah, ɗansa na fari, saurayi matuƙin jirgi. Issoufou da hannunsa ya haƙa masa a tsakiyar hancin. Bayan haka bai sake hawa jirgi ba, damina ba ta zagayo ba ya bar ƙasar. Don haka kiran Sabiru ba na ladabi ba ne kawai. Cikin mazan nan duka babu wanda zai soka shebur a wurin sai ya ji muryar Issoufou da kunnensa.

"Da mutunci za mu ɗauke shi," in ji Sabiru. "Mu mai da shi tudu, gindin bagaruwar. Liman yana tare da mu, ya ce lalura ta halatta."

Issoufou ya dubi ƙasusuwan da ya tara a kusurwa. Sai maganar ta fito tun bai gama shirya ta ba.

"Uwarsa ba za ta yarda ba."

"Ka tambaye ta?"

"Na san ta."

"Yaya, mutanen gungu bado suke ci, shi ma yana ƙarewa tunda fadama ta bushe. Hanyar mota kuwa ka san 'yan bindiga sun rufe ta. Kullum ruwan nan raguwa yake. In ya ƙara sauka, ko yankan ba zai yi amfani ba."

"Ku ja da igiya. Kakanninmu da igiya suka ja."

"Kakanninmu ba su ga irin wannan shekarar ba." Sabiru ya numfasa. "A'a ce ke nan?"

"A'a ce."

"To. Bakinka ne. Allah ya ba mu ƙarfin ja."

Muhyiddeen bai tafi ba. Ya tsuguna a bakin ramin, ya ɗage gefen farar rigarsa don kada ta kwashi ƙura. Ya tambayi ko lafiya, Issoufou ya gaya masa a taƙaice, don shiru a gaban shugaba ba ya kyau.

"Subhanallah, ya Ammi! Kai da kullum kake matsar da mutane? Kakana yana nan cikin maƙabartar nan. Wallahi ban san mutum nawa suka kwanta tare da shi ba, kuma bai taɓa zuwa mini a mafarki da ƙara ba."

"Waɗannan ban san su ba."

"Aiwa," in ji Muhyiddeen, ya miƙe. "Shi ya sa hannunka ba ya rawa. Yalla, gama, janaza na tafe."

Issoufou ya gama. Aka kawo wani baƙo da ya zo umra daga nesa, ajali ya same shi a nan. Aka kwantar da shi a gefen ƙasusuwan da ba a san mai su ba, aka mayar da ƙasa.

A kwanakin da suka biyo baya Sabiru bai sake kira ba, sai dai hotunan bidiyo da yake turowa ba tare da kalma ko ɗaya ba. Issoufou yakan kalle su da tsakar rana, lokacin da zafi ke korar ma'aikata zuwa inuwa, ko a ɗakin da yake kwana da wasu 'yan ƙasarsu a unguwar Sih. Da ƙyar ya gane kogin. Inda ya san ruwa mai launin kunu yana tafiya da faɗi har ido ba ya ganin ƙetare, yanzu duwatsu ne baƙaƙe a waje, da kwale-kwalen masunta kife a kan busasshiyar laka. Jiragen biyar suna jere, manya, sun karkata kamar shanun da suka kasa tashi. Maza sun tuɓe riguna, sun shiga ruwan da bai kai musu ƙugu ba, sun ɗaura igiya a goshin jirgin farko. Wasu na ja, wasu na cusa guma-guman giginya a ƙarƙashinsa don ya mirgina a kansu. Suna waƙar ja, irin wadda shi ma ya yi, amma muryoyin sun dushe. Jirgin yakan motsa kamar tsawon tafin hannu, ya tsaya.

A cikin ɗaya daga cikin hotunan wani ya matso da fuskarsa kusa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Osman ne, abokin Abdallah tun suna ninkaya tsirara, ɗan Jibo wanda Issoufou ya yi tuƙi tare da shi shekaru. Yanzu magidanci ne, har da 'yar furfura a haɓa.

"Baba Issoufou! A gaida Ma'aiki! In akwai zamzam da ya rage a turo mana da jarka ɗaya, mu zuba a kogi ko ya ɗaga mu!"

Aka yi dariya a bayansa, wani ya ce masa ya koma igiya, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Issoufou bai yi dariya ba. Yana duban gefen hoton ne, inda hancin yashin ya leƙo, fari fat, babu sawun kowa a kansa. Ya tsayar da hoton a nan, ya daɗe yana kallo. Ya ce wa kansa ruwa zai iya sauka a ƙasashen sama ko yaushe, kogi ya taso. Ya ce wa kansa jirgin farko ne mai wuya, in ya wuce sauran za su bi sawunsa. Ya kuma ce wa kansa ba ƙarya ya yi ba, domin wace uwa ce za ta yarda? Amma da ya tashi salla sai ya tarar bai san raka'a ta nawa yake ba.

Lauratu, matarsa, aikatau take yi a wani gida a unguwar Jurf. Uwar ɗakinta takan riƙe mata waya duk mako, ta ba ta ranar Juma'a, ta kuma bar ta ta fita bayan la'asar. A inuwar wani bango kusa da masallacin Anbariyya suke haɗuwa, inda tattabaru ke taruwa. Wannan Juma'ar ta zo da shinkafa da ragowar naman rago a roba, ta shimfiɗa ɗan mayafi, ta ajiye masa. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura a cikin silifas.

"Malam, ba ka ci ba."

"Zafi ne."

"Kullum a zafin kake." Ta gyara baƙar abayarta. "Na saurari saƙon Ƙaltume a mota." Ƙanwarta ce da ke aure a ɗaya daga cikin gungun. "Ta ce yara biyu da ba a daɗe da yaye su ba suka rufe a makon nan, na maƙwabtansu. Ta ce hatsi na nan cikin jirage, ana iya ganin hayaƙin masu jirgin in an hau tudu, amma sun maƙale. Wai akwai hanyar da za a yanke, wani ya hana. Ba a gaya wa mata ko wane ne ba." Ta kore ƙuda daga kan robar. "Ni dai na ce mata, ko wane ne, Allah ya sa masa tausayi a zuciya."

Issoufou ya dubi tattabarun. Wata mota ta wuce, suka tashi, suka dawo.

"Hancin yashin gabas suke so su yanke," in ji shi. "Na Mashigin Bagaruwa."

Hannun Lauratu ya tsaya a kan murfin robar. Ba ta taɓa ambaton sunan ɗanta na fari ba, ko yana raye, saboda kunya. Tun rasuwarsa kuwa ko sunan mashigin ba a faɗa a gabanta.

"Kai aka tambaya," ta ce a hankali.

"Ni."

"Ka ce me?"

"Na ce ba za ki yarda ba."

Ta juyo ta dube shi sosai, irin kallon da ba ta yi masa ba tun suna da ƙuruciya.

"Ni? Ka ce ni?"

"Lauratu..."

"Yaushe ka tambaye ni? Wayata tana aljihun matar mutane, ina wanke musu banɗaki, ashe ina can bakin kogi na tare hanya ban sani ba." Muryarta ba ta tashi ba, sai dai ta yi kauri. "Yaron nan ko kwale-kwalen mai kamun kifi ya gani a gabansa sai ya rage inji ya ba shi hanya. Kai ne kake masa faɗa a kan haka, kana cewa yana ɓata mai. Yanzu ka kwantar da shi a gaban jirage biyar, ka ce uwarsa ce."

"In suka ɗauke shi, wurin zai zama ruwa. Ba zan sake sanin inda na sa shi ba."

"Ni na taɓa sani? An bar ni na je? Ka ce min hancin yashi, na yarda. In ka ce min gindin bagaruwa, zan yarda." Ta tura masa wayarsa da ke kan mayafin. "Kira shi. Yanzu, ina ji."

Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ya daɗe yana ƙara kafin Sabiru ya ɗauka. Ba waƙar ja a bayansa, ba ƙarar ruwa, sai tarin wani mutum.

"Sabiru, ka tara mutane su ji. Na ba da baki. Uwarsa ma ta ba da. Ku yanke." Maganar ta ɓalle masa, ta yi ta zuba. "Amma ku saurara. In kun kai zurfin gwiwa ku ajiye shebur, ku ci gaba da hannu. Ku fara ta wajen kai. Ku nemi farin ƙyalle sabo, ku shimfiɗa a gefe. Yashin da ke wajen hannuwa da ƙafafu ku tankaɗe shi da rariya, don ƙananan suna ɓuya. Kada ka bari yara su tsaya kallo. Kana jina?"

"Ina jinka, Yaya."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Daga wurin muke. Yanzu muka gama."

"Kun gama me?"

"Osman ne." "Da safe mun samu jirgin farko ya hau rabin dutsen. Osman yana ƙasa, yana gyara giginya. Igiya ta tsinke. Jirgin ya dawo baya, ya kwanta a kansa. Ruwan wurin bai kai gwiwa ba, Yaya. Muna ganin hannunsa. Kafin mu sauke buhunan mu ɗaga, rai ya yi halinsa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Lauratu ta maimaita, tun ba ta san wanda ya mutu ba.

"Ruwa ne ya ci shi, komai ƙanƙantarsa," in ji Sabiru. "Gaɓar da ta fi kusa kuwa hancin ce. Ka riga ka ce ba za a yanke ba, mun cire rai da wurin. Sai muka rufe shi a gefen abokinsa."

Issoufou ya dafa bango. Zafin rana na cikin dutsen har yanzu.

"Ku yanke ta gefe. Ku bar nasa."

"Faɗin hancin nawa yake? Kai ka haƙa a can, ka fi ni sani. In muka buɗe wa ruwa hanya, duka biyun zai kwashe. Yanzu ba bakinka kaɗai ake nema ba." Ya rage murya. "Baba Jibo yana nan. An ɗauko shi a kwale-kwale, shi ya zuba yashin farko. Yana zaune a wajen kan kabarin, ya ƙi tashi. Ni ba zan iya ba, Yaya. Kai ne abokinsa. In miƙa masa?"

Issoufou ya ƙara manna wayar a kunne. Ya ji takun ƙafa a cikin yashi, da muryar Sabiru yana cewa daga Madina ne. Sannan numfashin tsoho, mai ƙara kamar zuga-zugi.

"Issoufou."

"Jibo. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Ka ji abin da ya same ni."

"Na ji. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari."

"Amin. Hantsi ya yi mini yana raye, ya aiko mini da kifi. Ga shi yanzu hannuna duk yashinsa ne." Jibo ya yi tari. Muryarsa ba zargi a cikinta, ba kuka, a miƙe take. "An ce sun nemi su tone naka, ka hana. Ka yi daidai. Uba ke nan. Shekara da shekaru kana wata ƙasa, ba ka bari an taɓa shi ba. Ni ma roƙon Allah nake in iya haka."

Lauratu tana duban bakin mijinta. Ba ta jin abin da ake faɗa a can, amma ta ji sunan Jibo, ta kuma ji addu'ar, ta haɗa sauran da kanta. Ta ɗaga masa gira, alamar ya faɗa.

"Sabiru ya ce kana da magana da ni," in ji Jibo.

Issoufou ya ga jiragen a idonsa, da ruwan da ke janyewa daga jikinsu yana barin zane a katako, da tudun da matan gungu ke hawa su dubi hayaƙi. Ya san kalmomin da ya kamata ya faɗa. Sabiru ya faɗa masa su da bakinsa, liman ya halatta, matarsa ta maimaita. Ya buɗe baki, ya ji numfashin tsohon a kunnensa yana jira.

"Ta'aziyya ce, Jibo," in ji shi. "Ta'aziyya ce kawai."

"Na gode. Ka yi masa addu'a a can, tunda kana kusa."

Wayar ta katse. Lauratu ta rufe robar abincin da bai taɓa ba, ta ajiye masa a gefen ƙafa, ta ja mayafinta daga ƙarƙashinsa a hankali har sai da ya ɗaga. Ta kakkaɓe shi, ta ninke, ta nufi inda motocin Jurf ke tsayawa, tana ɗingisa kaɗan. Issoufou ya zauna a kan ƙasa, wayar na hannunsa, yatsansa a kan sunan Sabiru, bai danna ba.